Ɗumin da Ya Ci Idon Kawu Labaran

Kawuna Labaran ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Wudil da kaifin ido aka san shi. A yanzu da nake wannan rubutu idonsa na dama ya mutu, na hagu kuma hazo kawai yake gani da shi. Bai cika shekara arba'in da biyar ba. Ina so in faɗi yadda aka yi, domin tun da abin ya faru na kasa zama wuri ɗaya in yi tunanin wani abu daban.

A bakin kogi aka haife shi, a gidan masunta. Idan ya tsaya a kan gada da hantsi ya leƙa ruwa, sai ya ce maka ga tarwaɗa can a gindin waccan ciyawa, ga karfasa sun taru a inuwar ginshiƙi, kai kuwa ba ka ganin komai sai ruwa mai launin ƙasa. Direbobin da ke tsayawa sayen kifi sukan yi masa musu, ya sauka ya jefa ragar birgi, ya hauro musu da abin da ya faɗa. Shi ne kuma mai gyaran raga na unguwarmu. Yakan zauna ya maƙale bakin ragar a babban yatsan ƙafarsa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa zaren, yana ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Haka ya ga ubansa yana yi. A wurinsa, aikin da ba ka kai masa fuska ba, ba ka ɗauke shi da muhimmanci ba ne.

Ruwa ya ba shi abinci, ya kuma ba shi sanyin ƙashi. Duk masuncin da ya daɗe yana shiga kogi da sassafe ya san wannan ciwo. Da yamma matarsa Barakatu takan ɗora ruwa, ta tsoma tsumma ta gasa masa gwiwoyi, ta shafa man kaɗanya, shi kuma yana cije baki yana cewa ta ƙara. A wurinmu gashi maganin kusan komai ne. An yi targaɗe, a gasa. Ƙurji ya ƙi nuna, a gasa. Ido ya yi ja, a ɗumama tsumma a ɗora. Ba wanda ya taɓa jin an ce ɗumi ya cuci mutum, in dai bai ƙona fata ba.

Sai farin nan na saba'in da uku ya zo. Kogi ya janye ya bar yashi, kifi ya yi ƙaranci, kuma ko da ruwan ya dawo, bai dawo da halinsa na da ba. Samarin masunta suka watse, wasu Kano, wasu har Legas dakon siminti. Kawu bai tafi ba, don kakarmu tana raye a lokacin kuma shi ke riƙe da ita. Ana cikin haka aka buɗe wani ƙaramin kamfani a bayan gari, kan hanyar Kano, mai yin tamfol na rufe manyan motoci da jakunkunan roba na 'yan firamare. Zamanin arzikin man fetur ne, motoci sun cika hanya, yara sun cika makarantu, abin da kamfanin ya yi da safe kafin yamma an kwashe. Ba zan faɗi sunansa ba. Aka ɗauki Kawu saboda hannunsa ya san haɗa bakin abu da bakin abu.

Injin da aka ba shi ba ya ɗinki da zare. Tebur ne na ƙarfe, a samansa akwai wani dogon ƙarfe kamar wuƙa marar kaifi. Ka haɗa bakin roba biyu, ka taka da ƙafa, ƙarfen ya sauko ya danne, injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya ɗaga. Robar biyu ta zama ɗaya. Abin da ke narkar da ita irin igiyar nan ce da ke ɗauko magana daga nesa ta kawo cikin akwatin rediyo, sai dai a nan an tara ta wuri guda da ƙarfi mai yawa, tana ratsa abu ta ɗumama shi daga ciki. Ba a ganinta, ba ta da wari. Wadda ta tsere daga bakin ƙarfen kuwa, jikin mutumin da ke zaune gabansa take shiga.

Kawu bai yi sati a wurin ba ya dawo gida ya ce wa Barakatu ta daina ɓata itacenta. Ya ce injin nan yana gashi, kuma gashinsa ya fi nata, don nata a fata yake tsayawa, nasa kuwa har ɓargo. Ta ce to ya je injin ya tuƙa masa tuwo. Amma gaskiya ne, ɗingishinsa ya ragu. Ya riƙa cusa gwiwoyinsa can ƙarƙashin teburin, ya matso da kujera har cikinsa ya taɓa ƙarfe, ya sunkuyar da fuska kan layin haɗin kamar yadda yake yi wa raga.

Ni a lokacin ina jami'a ina karatun lantarki. Na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo gida a farkon daminar saba'in da bakwai, kamfanin ya ɗauke ni in kula da janareta da wayoyin wuta. Sunana Ja'afaru, amma daga ranar ya koma Injiniya a bakin kowa, har da Kawu, wanda ke jan kalmar don tsokana.

Ranar da na fara aiki na zauna a rumfar mai shayi da ke jikin katangar kamfanin. Rediyonsa na magana, sai ta shaƙe ta yi ƙara kamar ana soya ruwa a mai, ta saki, ta sake shaƙewa. Mai shayin ko a jikinsa. Ya ce ai duk lokacin da aka taka inji a ciki haka take yi, har yana iya gane takun Labaran da na sauran. Na gane igiyar injin ce ke tserewa har waje. Na ɗaga kai don in yi tunani, sai na ga rufin rumfar: faifayen ƙarfe ne farare masu kyau, da ramukan ƙusa a jere a gefensu. Na shiga ciki na duba injinan. Ga ramukan ƙusar nan a jikin kowanne, babu abin da ke rufe su. Garkuwar da masu ƙera injin suka sa don ta tare igiyar, ita ce ke tare wa mai shayi ruwan sama.

Shugaban ma'aikata, wani mai suna Babba, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tamfol ɗin babbar mota faɗi gare shi, ba ya shiga in garkuwar tana nan, shi ya sa aka kwance tun watan farko. Ya ce shekara biyu ke nan ba wanda ya mutu. Abin da suka sani kawai shi ne ba a sa zobe ko agogo a gaban injin, don yana cizon yatsa.

Da aka tashi cin abinci na sami Kawu a inuwa tare da Isyaku, mai injin da ke kusa da nasa. Isyaku ɗan mahauta ne, don haka tsakaninsa da Kawu masunci kullum wasa ne da gori. Na durƙusa na gaishe su, na tambayi gida da gajiya, sannan na ce, “Kawu, ina so ka riƙa ja da baya kaɗan daga injin nan. Musamman fuskarka.”

“To, Injiniya. Me ya yi?”

“Ɗumin nan da kake ji, ba irin na ruwan zafi ba ne. Daga ciki yake dafa nama. Ido kuma ba ya iya fitar da zafi kamar sauran jiki. In ya daɗe yana sha, yana iya yin yana.”

Isyaku ya tuntsire da dariya. “Bar shi ya dahu, Injiniya. Kifi ai sai da wuta. Mu dai a yayyafa masa yaji.”

“Rufe mana baki, mai ƙarnin jini,” in ji Kawu. Ya juyo gare ni. “Ɗana, kai ka taɓa kwana da ciwon gwiwa?”

Na ce a'a.

“To ni na yi shekara ashirin ina kwana da shi. Yanzu ina yin sujada ba na neman bango in dafa. Abin da ya yi mini haka shi za ka ce mini mugu ne?”

Gaskiyar magana, abin da na sani a kan wannan igiya kaɗan ne, darasi ne da muka wuce a cikin zango ɗaya, kuma ba ni da na'urar da ake auna ta. Na san akwai haɗari, ban san iyakarsa ba. Wannan rashin sanin ya fi komai damuna. Ina tafiya gida ina gardama da kaina, ko na cika tsoro ne, ko kuma tsoron nawa bai kai ba.

Sai na yi tunanin in nuna musu abin da ido. Washegari na ɗauko dogon ƙwan lantarki, irin farin nan na ofis, babu waya a jikinsa, na tsaya kusa da kafaɗar Kawu na ce ya taka. Ya taka. Ƙwan ya kama a hannuna, fari tas, ya mutu da injin ya ɗaga. Na ce, “Kun gani? Abin da ya kunna wannan, shi ke shiga kanku tun safe har yamma.”

Na zaci za su ja da baya. Sai Gwadabe maigadi, wani dattijo da ke leƙe ta taga, ya ce, “Allahu akbar! Ashe haske ne a ciki.” Isyaku ya ce a sake. Aka sake. Aka kira na ɗakin jakunkuna su ma su gani. Kawu ya dube ni da murna, kamar na kawo masa shaida a gaban alƙali. Ya ce, “Ka ji, Injiniya. Abin da ke ba mataccen ƙwai haske, ina zai kashe ido mai rai?”

Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa. Tsofaffi masu ciwon baya suka fara zuwa, har daga ƙauyukan Indabo da Utai, Gwadabe yana shigo da su ta ƙofar baya su ɗan zauna kusa da injin Kawu ana aiki. Kawu ba ya karɓar komai a hannunsu. Jin daɗi yake yi, yana gyara musu zama, yana cewa, “Matso da ƙugun, Baba, nan ya fi kamawa.”

A tsakiyar daminar nan ciwon idon da ake kira afolo ya shigo gari. Gida-gida idanu suka yi ja suna kwantsa. Ya kama Kawu. Da a da ne, Barakatu za ta ɗumama tsumma ta ɗora masa. Yanzu kuwa yana da abin da ya fi tsumma. Na shiga ɗakin wata rana da hantsi na same shi ya kwantar da goshinsa dab da ƙarfen, ya lumshe ido, yana takawa, yana ɗagawa, yana takawa. Na je na kashe babban makunnin ɗakin gaba ɗaya. Injina suka yi shiru, kowa ya juyo.

“Wa ya ɗauke wuta?” in ji Babba.

Na ce ni ne, kuma ba zan mayar ba sai an mayar da garkuwa. Aka kai magana gaban manaja. Bai yi faɗa ba. Ya ce akwai tamfol na motoci masu yawa da aka yi alkawarin bayarwa, in na iya mayar da garkuwar ba tare da aiki ya tsaya ba, bismilla. Na sauko da faifayen daga rumfar mai shayi, wanda har yau ba ya amsa gaisuwata da daɗi, na kai wa maƙeri ya tsaga musu baki ta yadda roba za ta wuce, na ɗaura su da ƙusa. Aiki ya ɗan rage sauri. Ɗumin kuma ya ragu ƙwarai.

Kawu bai ce mini komai ba a kamfani. A gida ne mahaifiyata ta kira ni. Ta ce ƙaninta ya zo ya zauna bai ko sha ruwa ba, ya ce ɗan da ya goya a kwalekwale ya kashe masa wuta a gaban mutane kamar wanda aka kama da sata. Na je ba shi haƙuri. Ya karɓi gaisuwata a taƙaice, yana shafa gwiwa. Ya ce, “Ba komai. Boko ne. Allah ya sa alheri.” Barakatu tana bakin murhu, ta sake ɗora tukunyar ruwan gashi.

Janaretanmu yana yawan lalacewa, ni kuma nake zuwa Kano neman kayan gyara, wani lokaci in wuni. Daga baya na gane cewa duk ranar da na tafi, garkuwar injin Kawu tana sauka ta jingina da bango, kafin in dawo ta koma. Ƙusoshin ne suka tona, don kawunansu sun sha sukuddireba har sun gaji. Isyaku ke taya shi, Gwadabe ke duba hanya. Ba mugunta suke yi ba. A ganinsu mutum ne mai ciwo, ga magani a gabansa, yaro ya rufe da ƙarfe. Na yi magana, aka ce to. Na sake yi, aka sake cewa to.

Afolon ya wuce wa kowa, shi ma jan idon ya tafi. Amma da kaka ta yi, Kawu ya fara ƙorafin cewa ba a share tagogin ɗakin. Ya ce fitilun sun tsufa. Layin haɗinsa, wanda a da ake nuna wa sababbin ma'aikata, ya fara karkacewa. Bai gaya wa kowa ba. Abin da ya yi shi ne abin da ya iya tun yana yaro: aiki ya yi wuyar gani, sai a ƙara kai masa fuska. Garkuwar tana hana shi matsowa, don haka ya ƙara samun dalilin sauke ta. Duk yadda ganin ya ragu, haka yake ƙara kusantar ƙarfen.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taho tare, za mu tsallaka titi a bakin gada. Ranar kasuwar shanu ce, manyan motoci na ta wucewa, rana ta take. Na sa ƙafa zan tsallaka, sai na ji an kama hannun rigata. Kawu ne. Bai taɓa riƙe ni haka ba. Ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, “Injiniya, in rana ta yi haske haka, ba na rarrabe mota da hanya. Kada ka gaya wa yayata.”

Na kai shi asibitin ido a Kano. Muka yi layi tun safe a cikin tsofaffi, shi kaɗai ne mai baƙin gashi a kan bencin. Likitan ya haska idanun, ya daɗe yana dubawa, ya ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta fi kauri. Ya tambayi shekarunsa, ya tambayi ko yana da ciwon sukari, ko wani abu ya taɓa bugun idon. Babu. Sai ya tambayi sana'arsa. Na yi masa bayanin injin da garkuwar da yadda Kawu ke zama. Ya ajiye abin hasken. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa injin ne ba, don yana takan zo wa mutum da wuri ba tare da an san dalili ba, kuma masunta suna shan hasken rana a kan ruwa. Amma ya ce in ɗan'uwansa ne, ba zai bar shi ya sake zama gaban injin nan ba ko na wuni ɗaya.

A mota muna dawowa Kawu ya ce, “Ka ji dai bai rantse ba.”

Na ce na ji.

Bai koma aiki ba, don ko ya so ba ya ganin layin. Ni kuma na ɗauko mai walda ya liƙe garkuwar kowane inji a jikinsa, yadda ba sukuddireban da zai kwance. Manaja bai hana ba wannan karon. Na ja layi da fenti a ƙasa inda kujera za ta tsaya, na sa aka toshe ƙofar baya. Ma'aikata suka ce injinan sun zama lami. Isyaku ya daina wasa da ni, amma na lura ya ja kujerarsa baya fiye da inda na zana.

Bayan ƙaramar salla aka yi wa Kawu aiki a idon dama. An ce aiki ne da ake yi kullum, mutane da yawa suna tashi da gani, kuma na ga waɗanda suka tashi da shi a ɗakin da aka kwantar da shi. Nasa bai zo da sa'a ba. Idon ya kumbura bayan an sallame mu, ya riƙa zubar da ruwa, ciwon kai ya hana shi cin abinci. Muka koma, aka yi allurai, aka ɗiga magani, kumburin ya sauka. Da aka cire bandejin, likitan ya kunna fitila dab da fuskarsa ya ce me ya gani. Kawu ya ce, “An kunna ne?”

Saura na hagu. Likitan ya ce yanar tana ƙaruwa, in aka bar ta za ta rufe shi gaba ɗaya, amma in aka yi aiki akwai kyakkyawan zaton zai gani da tabarau, abin da ya sami na dama ba kasafai yake faruwa ba. Na yarda da shi. Har yanzu na yarda da shi. Sai dai ba idona ba ne.

Tun daga lokacin nake zarya gidan Kawu. Na turo mahaifiyata, na turo limamin unguwa. Isyaku ma ya je, da tsire a takarda, ya ce, “Tashi mu je a gyara maka fitilar, ɗan ruwa. Wa zan riƙa zagi in ka zauna a ɗaki?” Kawu ya ci tsiren, ya ce naman ya yi tauri kamar kan mai shi, amma bai tashi ba.

Zuwana na ƙarshe shekaranjiya ne, da la'asar. Na same shi a zaure a kan buzu, ya miƙe ƙafafu, Barakatu ta gama gasa masa gwiwa ta shiga ciki da tukunyar. Na gaishe shi, na tambayi jiki. Na sake kawo maganar, na jera masa duk abin da likita ya ce, har na ji ina maimaita kaina. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Ja'afaru.” Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. “Biyu Allah ya ba ni. Ɗaya na ba injinku, ko na ba likita, ban sani ba, ku kuka san wannan. Wannan da ya rage, da shi nake sanin gari ya waye. Da shi nake ganin Barakatu in ta gifta, ko da ba na ganin fuskarta. In na kai shi aka kunna fitila na ce an kunna ne, me zan dawo da shi gida?”

Na ce, “Kawu, in an bar shi ma tafiya zai yi.”

“Na sani. Amma a hankali zai tafi, muna sallama. Ba zan kai shi da ƙafata ba.”

Na zauna ina kallon hannuwansa a kan cinya, yatsun suna motsi su kaɗai. Can na ce zan tafi, na miƙe. Na kai bakin ƙofar zauren, inda rana ke shigowa, sai ya ce, “Tsaya nan. Kada ka motsa.”

Na tsaya. Ya karkata kai ya juyo da idon hagun, ya daɗe yana dubana.

“Ka yi ƙiba,” in ji shi.

“Ban yi ba, Kawu. Babbar riga ce na sa.”

“To, ta yi maka kyau. Fara ce?”

Shuɗiya ce. Na ce masa shuɗiya ce. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida yayarsa, in kuma ja masa ƙofar kaɗan in zan fita, don hasken yana sa masa hawaye.